Ranar da aka kulle mana shafuka goma sha ɗaya saboda shafi ɗaya

Da misalin ƙarfe bakwai na safiyar wata Litinin wayata ta fara ƙara, ko shayi ban gama sha ba. Shugabar wata makarantar kuɗi ce da nake kula musu da shafin intanet. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Malam, iyaye sai kirana suke yi, wurin duba sakamakon yara ba ya buɗewa." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki ba ni minti goma." Kafin minti goman ya cika wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya kira, bayansa mai kemis. Na kunna kwamfuta, duk shafin da na shiga sai in tarar da farin allo da sanarwa guda: an dakatar da wannan asusu. Shafuka goma sha ɗaya, na mutane goma sha ɗaya da ba su ma san juna ba.

Sana'ata ke nan, gina shafuka ga ƙananan 'yan kasuwa da makarantu a Kano. Ba ni da saba tawa ta kaina, wato babbar kwamfutar nan da ke kunne dare da rana tana riƙe da shafi don duk mai nema ya same shi. Haya nake karɓa a wurin wani kamfani, kamar yadda mafi yawanmu ke yi. Irin wannan haya mai araha gidan haya ce sak: saba ɗaya, masu ɗakuna ɗaruruwa, ƙofa ɗaya, famfo ɗaya, mita ɗaya. A wancan lokacin kuwa, don in rage kuɗi, duk shafukan mutanena a cikin asusun cPanel guda, wato ɗaki ɗaya na haya da ake sarrafa shafuka daga cikinsa, na zuba su. Wannan kuskurena ne, kuma shi ya sa gobarar ɗaki ɗaya ta cinye sauran.

Da na bincika akwatin imel sai na ga kamfanin ya aiko saƙo tun daren Asabar. Wani banki na ƙasar waje ya kai ƙara cewa akwai shafin bogi mai kama da nasa a cikin asusuna, ana yaudarar mutane suna shigar da kalmar sirrinsu. Sun ba ni awa 24 in cire. Saƙon ya faɗa adireshin da ba na dubawa sai jefi-jefi, wa'adi ya cika, suka rufe.

Ta ina ɓarayin suka shigo? Ta shafin wani matashi mai wallafa labaran wasanni. Ya ga wata rigar WordPress, wato tsarin ado da fasalin da ake sa wa shafin da aka gina da manhajar WordPress, mai kyau da ake sayarwa dala sittin ko kusa da haka, sai ya samo ta kyauta a wani wurin da ake raba kayan da aka fasa musu makulli, ya ɗora da kansa bai gaya mini ba. Masu raba irin waɗannan ba don Allah suke yi ba. A cikin rigar sun ɓoye wata ƙofar baya, suka bi ta nan suka dasa shafin bankin, suka kuma sa wata 'yar manhaja tana tura imel dubbai da sunan sabarmu. Da na kira shi ya rantse bai san komai ba, kuma na yarda da shi. Amma kamfani bai tambayi niyyarsa ba. Dokarsu ta ce duk abin da aka samu a asusunka kai ke da alhakinsa, ko kai ka ajiye ko ajiye maka aka yi.

A ranar ce na fara zama na karanta takardar nan daga farko har ƙarshe, wadda kowa ke danna "na amince" a ƙarƙashinta ba tare da ya duba ba. Kowane kamfanin masaukin shafi yana da irinta, dokokin abin da aka yarda mai haya ya yi da abin da ba a yarda ba. Na ɗauka zan tarar da dabarun lauyoyi ne kawai na kare kamfani. Akwai wannan, ba zan musa ba. Sai dai kaso mafi tsoka na cikinta haƙƙin maƙwabtaka ne aka rubuta da Turanci.

Ɗauki maganar tura imel barkatai, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Duk shafukan da ke saba ɗaya galibi lambar IP ɗaya suke fita da ita, kamar lambar gida. Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus da aikinsu shi ne tattara lambobin da saƙonnin shara ke fitowa daga cikinsu, manyan masu imel kuma suna duba wannan rajista kafin su karɓi saƙo. Idan lambarku ta shiga, kowa a gidan ya shiga. Bayan mun share ƙazantar an buɗe mana shafuka da yammacin Talata, sai da Alhajin Kwari ya ƙara yin kusan mako guda saƙonninsa ga masu aiko masa kaya suna dawowa ko suna faɗawa kwandon shara. Bai taɓa jin sunan yaron nan ba, bai san akwai shi a duniya ba. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.

Shi ya sa da wani mai sayar da filaye ya zo ofishina da filashi ɗauke da adireshin imel dubu ashirin da ya saya a hannun wani, yana so mu tura musu talla, na ce masa, "Ranka ya daɗe, waɗannan mutanen sun ba ka izinin ka tura musu?" Ya ce ai talla ce, ba zagi ba. Na ce haka ne, amma ba za ta fita ta sabata ba. Kamfanoni da yawa ma sun ƙayyade adadin imel ɗin da asusu zai iya turawa a awa guda, 'yan ɗaruruwa ne kawai. Tun watan Fabrairun 2024 kuma Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa: a wurin Gmail, mai tura 5,000 a rana dole ya tabbatar da sunan shafinsa ta hanyoyin SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke nuna cewa da gaske daga wurinsa saƙon ya fito, ya sa wurin da mutum zai danna sau ɗaya ya daina karɓa, kuma kada masu cewa saƙonsa shara ne su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mai filaye ya tafi ransa a ɓace. Ban yi da-na-sani ba.

Sai kalmar nan da ake jan mutane da ita, wai wurin ajiya mara iyaka. Yana da iyaka, a cikin takardar aka ɓoye ta. Wurin na fayilolin da shafi ke aiki da su ne, ba rumbun zuba bidiyon biki da hotunan suna ba. Suna ƙidaya yawan fayiloli, suna auna ƙarfin da shafinka ke ja daga injin, idan ka wuce rabonka a rage maka gudu ko a dakatar da kai. A nan ina ganin laifin kamfanonin, domin bai dace a rubuta "mara iyaka" da manyan baƙi a talla a kuma binne iyakar a sakin layi na talatin ba.

Abin da ake yawan nemana da shi, wanda kuma na fi ƙi, shi ne shafin sauke finafinan Hausa da waƙoƙi kyauta. Duk takardar da na taɓa karantawa ta haramta ɗora kayan wani ba da izininsa ba. Idan sabar a Amurka take, dokar DMCA ta 1998 ta ba mai abu damar aika takarda a sauke masa kayansa, kamfani kuma ba ya jan lokaci. A Najeriya ma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta zo da tsarin sanarwa da saukewa. Amma ni ba tsoron takarda ne ya hana ni ba. Masu ɗaukar hoto da masu tace sauti da masu riƙe fitila a wannan masana'anta a garin nan suke, muna haɗuwa da su a masallaci da wurin ɗaurin aure. Mun ga yadda satar fasaha ta karya kasuwar faifai. Ba zan gina wa mutum shagon da zai raba guminsu a banza yana karɓar kuɗin talla ba.

Sauran haramce-haramcen ba sa buƙatar dogon bayani: haƙar kuɗin kirifto da injin haya, kai wa wasu shafuka hari, yaɗa ƙwayoyin cutar kwamfuta, shafukan damfara, da hotunan cin zarafin yara, wanda shi ba gargaɗi a cikinsa, rufewa ne da kai rahoto ga hukuma. Wasu daga ciki sun wuce tsakaninka da kamfani. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, a sashe na 32, ta tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya ko duka biyun ga wanda ya kafa tarkon satar bayanan mutane da gangan. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Ita ce ta fi tayar mini da hankali a waccan Litinin, domin a asusun da ɓarayi suka shiga akwai sunayen yaran makaranta da lambobin wayar iyayensu. Na gaya wa Hajiya gaskiyar abin da ya faru, muka canza duk kalmomin sirri, muka sanar da iyaye.

Tun daga nan na sauya tsari. Kowane shafi yana da asusunsa daban, ko da kuɗin ya ƙaru. Adireshin da kamfani ke aiko ƙorafi yana kan wayata. Kwafin kowane shafi ina ajiye shi a wani wuri dabam duk mako, don wasu kamfanonin idan suka rufe ka ba su da alkawarin ba ka kayanka. Sannan na zauna na tsamo dokokin da suka shafi mutanena na rubuta su da Hausa a takarda shafi guda. Kafin in karɓi ko sisi sai mun karanta ta tare, mutum ya sa hannu.

Matashin nan mai labaran wasanni yana cikin waɗanda suka fara sa hannu. Ya tara kuɗi wata biyu ya sayi rigar ta halal daga masu ita, ya kawo mini rasit ɗin har ofis na ɗora masa.