Jigon Wata da Gasar Shekara: Wanne Ne Yake Koyar da Ɗaukar Hoto?

Ƙungiyarmu ta masu sha'awar ɗaukar hoto a nan Jos ta haɗa malaman makaranta da ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, kuma akasarinmu da waya muke aiki, domin masu babbar kyamara a cikinmu ba su da yawa. Abubuwa biyu muke gudanarwa. Akwai gasar shekara da muke yi dab da 19 ga watan Agusta, ranar hoto ta duniya, wadda ake tunawa da ranar da gwamnatin Faransa ta bayyana wa jama'a fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a 1839, kuma a wannan gasa kowa yana da damar kawo hoton da ya ga dama. Sannan akwai jigon wata, inda kwamiti yake fitar da kalma guda, ya ce kowa ya je ya nemo ta da kyamararsa kafin watan ya ƙare. Gasar shekara ce take da kyauta da taro da tafi, amma a ganina jigon wata ne yake koya wa mutum aikin.

Dalilina yana cikin hotunan da ake kawowa idan an bar ƙofa a buɗe. Allah ya yi wa Filato kyan ƙasa, garin Jos kansa yana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200, saboda haka duk shekara sai mu sha ganin Dutsen Riyom da gangarar ruwan Assop da tsaunukan Shere da faɗuwar rana a kan ruwan Rayfield. Hotunan suna da kyau ƙwarai, sai dai idan aka jera su a bango babu mai iya cewa wannan na wane ne, wancan na wance ne, domin wurin ne ya yi aikin, mai hoton kuwa tsayawa kawai ya yi inda na gabansa ya tsaya.

Da hunturun da ya wuce kwamiti ya ba mu jigon "sanyi". Duk mazaunin Jos ya san sanyin Disamba da Janairu a jikinsa, amma sanyi ba abu ne da ido yake gani ba, don haka dole mutum ya zauna ya tambayi kansa ta ina yake bayyana. Wani malamin firamare a cikinmu ya tafi teburin mai shayi a Bauchi Road bayan sallar asuba. Ya lura cewa tururin da yake tashi lokacin da mai shayi yake ɗaga kofi yana shiƙa ruwan daga sama ba ya fitowa a hoto idan haske yana bayan mai ɗauka, sai ya zagaya ya tsaya ta yadda ƙwan lantarkin rumfar yake bayan tururin, duhun titi kuma ya zama shimfiɗar hoton. Nan take tururin ya fito fari tas, ga mutane uku a kan benci sun dunƙule cikin rigunan sanyi na gwanjo, kowa ya riƙe kofinsa da hannu biyu. Wata ɗaliba kuma ba ta ɗauki fuskar kowa ba, hannun direban keke ta ɗauka a kan kambun tuƙi, ya sa safar ƙafa a madadin safar hannu, babban yatsansa ya leƙo ta wata huda. Wannan hoton ne ya fi zama a raina har yau, ko da yake bai zo na ɗaya ba.

A wannan watan ne kuma da yawa daga cikinmu suka fahimci halin hazo. Ƙurar hunturu tana tausasa hasken rana, tana shafe inuwa, tana kuma sa duk abin da yake nesa ya dusashe, ita kuwa waya idan aka bar ta da shawararta sai ta mayar da komai toka-toka. Maganin shi ne a taɓa fuskar wayar a kan abin da ake so ya fito, a ja alamar haske sama ko ƙasa har sai idon mutum ya gamsu, sannan a nemi wani abu mai duhu ko mai launi a kusa wanda zai riƙe hoton. An sha faɗin haka a zaurenmu na WhatsApp ba wanda ya kula, sai da jigo ya tilasta wa mutane fita cikin hazon.

Ba kowane jigo ne yake haifar da ɗa mai ido ba. Lokacin da aka ba mu "zaman lafiya", abin da ya dawo mana shi ne hotunan mutane da aka jera suna musabaha suna kallon kyamara, domin kalmar tana da girma a zuciya, musamman a wannan gari, amma ba ta nuna wa ido inda zai duba. Jigon "kuza" ya fi shi albarka nesa ba kusa ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haƙi kuza a wannan tudu, suka bar kududdufai birjik a wajen Bukuru da Barikin Ladi, kuma mutanenmu sun dawo da hotunan lambunan kabeji da karas da ake ba ruwa daga waɗannan ramuka, da na mata masu wanke ƙasa suna neman ragowar ma'adinin. Jigo mai kyau shi ne wanda yake ambaton abin da ake iya taɓawa, ya bar ma'anar ga mai hoto. Marigayi J.D. Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya tara hotuna kusan dubu a kan wannan abu guda, kuma da su duniya ta san shi. Gasar hotunan Afirka ta Wiki Loves Africa ma da jigo take tafiya: ta fara da abinci a 2014, a 2017 ta ɗauki mutane a bakin aiki.

Batun alƙalanci shi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Da farko ana ɗora hotunan a Facebook ne, wanda ya fi samun masu danna alamar so shi ne gwani, sai abin ya koma gasar yawan dangi da abokai. Yanzu sakatare yana cire sunaye ya sa wa kowane hoto lamba, alƙalai uku su duba, ɗaya daga cikinsu daga wajen ƙungiya, wani lokaci dattijon da ya yi aikin hoto tun zamanin fim da ɗakin wanki mai duhu. A garin da yake da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa ba a rasa wanda ya san haske. Sharaɗin da na fi so shi ne dole alƙali ya faɗi dalilinsa a kan kowane hoto, har da wanda ya zo na ƙarshe, domin shi ne ya fi buƙatar jin bayani.

Ana kuma turo hoton a matsayin fayil, saboda idan aka tura shi kai tsaye WhatsApp yana matse shi ya rage ingancinsa, ya kuma goge bayanan da suke nuna ranar da aka ɗauka, alhali da su ake gane wanda ya tono tsohon hoto daga wayarsa. An yarda a gyara haske da launi, a kuma yanke gefe, amma ba a yarda a ƙara wani abu ko a goge shi ba. Tun da Boris Eldagsen ɗan Jamus ya ci kyauta a gasar Sony ta duniya a 2023 da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sannan ya fito ya ƙi karɓa, muka ƙara tsananta wannan ƙa'ida.

Akwai sharaɗi guda da ba a sassauta shi ko kaɗan, wato neman izini. Jos gari ne da ya ga abubuwa, kuma mutum yana da haƙƙin ya tsargu idan baƙo ya nuna shi da kyamara. Ba ma ɗaukar shingen jami'an tsaro, ba ma ɗaukar yara sai da sanin manyansu, ba ma ɗaukar mace sai ta yarda. A kasuwar Farin Gada mutum yakan fara da gaisuwa: "Baba, sannu da aiki. Ina koyon hoto ne, ko za ka yarda in ɗauke ka da tumatirin nan?" Wani ya ce a ɗauki kayan a bar shi, wani ya gyara hula ya ƙame kamar za a yi masa fasfo, sai an yi ta hira ya manta da kyamarar sannan a sami hoton gaskiya. Wanda duk hotonsa ya shiga baje-koli, ana wanke kwafi guda a kai masa har rumfarsa.

Jigon watan gobe shi ne "ƙofa". Kwamiti ya riga ya sanar cewa ba za a karɓi hoto daga gidan tarihin gine-ginen gargajiya da yake kusa da Gidan Tarihi na Jos na 1952 ba, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, domin an san rabin ƙungiya can za su nufa. Wasu sun yi ƙorafi, ni kuwa ina goyon bayan kwamitin, kuma tsofaffin ƙofofin langa-langa na Gangare nake da niyyar bi.