Yadda na kashe sim biyu a dare ɗaya

Tun lokacin da aka datse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina a 2021, mutanen ƙauyenmu sai sun hau mashin sun shigo Katsina kafin su buga waya, nake tambayar kaina wai me ke cikin ɗan katin nan ne da har eriya take gane ni. To bana Allah ya nufa na samu fararen sim guda goma waɗanda ba a rubuta musu komai ba, da ɗan akwatin karanta kati mai USB, na ari rediyon LimeSDR da zai zama eriyata wurin wani abokina, na ce bari in haɗa 'yar netwok a ɗakina nan Ƙofar Marusa.

Ashe lambar wayarka ba ita ce ke gabatar da kai ba. Akwai wata lamba mai guda 15, IMSI, ukun farko na ƙasa ne, Najeriya 621, biyun da ke bi na kamfani, MTN 30, Airtel 20, Glo 50. Masu gwaji irina an ware mana 001 01 don kada mu shiga gonar wani. Sai kuma asirin, Ki da OPc, kowanne haruffa da lambobi 32, ka rubuta su a kati da manhajar pySim sannan ka sa irinsu sak a Open5GS, manhajar da ke tafiyar da netwok ɗin, da ke kan laftof. In waya ta zo shiga sai netwok ta jefo mata wata lamba, kati ya yi lissafi da Ki ɗinsa ya mayar da amsa, in ta yi daidai bismillah, in harafi ɗaya ya kauce ko kallonka ba za a yi ba.

Inda na sha kashi shi ne ADM. Kowane kati da nashi makullin rubutu, yana cikin takardar da mai sayarwa ya turo, a jere da lambar ICCID ta jikin katin. Ni kuwa ga duhu an ɗauke wuta, ina haska fitilar waya, na ɗauki makullin katin da ke ƙasa da shi a takardar. Ya ƙi. Na ce ƙila hannuna ne, na sake, na kuma sakewa. Shi ke nan kati ya rufe, kuma wannan ba irin PIN ba ne da za ka nemo PUK, ya tafi kenan har abada. Maimakon in je in kwanta sai taurin kai ya sa na zaro na biyu, wallahi irin kuskuren na maimaita.

Da safe bayan na sha koko na bi lambobin da biro ɗaya bayan ɗaya, na uku ya karɓa, tsohuwar Tecno ɗina ta nuna 00101 a sama. Ƙanena na tsaye a kaina ya ce “Yaya, to ka kwafe min layina mana in riƙa sawa a waya biyu.” Na ce kai tafi can, Ki ɗin layinka ba ya fitowa daga kati, ba zan iya karanto shi ba.

Ƙarfin rediyon na rage shi ƙasa sosai, ko zaure sabis ɗin bai kaiwa, don watsa sigina a fili sai da lasisin hukumar sadarwa ta NCC kuma ni ban da kuɗin lauya. Saura kati bakwai a gwangwanin Milo, kowanne na naɗe shi da takardar ADM ɗinsa.