Saiwar sanya da ranar Afrilu

Shekarar da nake aikin kammala digiri a fannin sinadarai, saiwoyi biyu na zaɓa: aduwa da sanya, wadda masu magani ke kira uwar magunguna. Wurin wani dattijo na saye su a babbar kasuwar Maraɗi, ya ce daga wajen dajin Baban Rafi aka tono masa. Yana ƙulle mini su ya ce, "Ɗana, sanyar nan a inuwa ake shanya ta, rana na shanye mata ƙarfi." Na ce to, Baba.

Ban bi ba. Lokaci ya ƙure mini, ga zafin Afrilu a banza, sai na baza su bisa rufin kwano. Kwana biyu suka bushe ƙamas.

Aduwa ba ta ba ni wahala ba. Na daka, na tankaɗe, na tafasa garin, na girgiza ruwan cikin kwalbar gwaji. Kumfa ya tashi, ya haura minti 15 bai kwanta ba. Saponin ke nan, sinadari mai kumfa kamar sabulu, abin da ya sa kakanninmu ke wanki da ita.

Sanya ce ta tona ni. Ɗanyar saiwarta in ka kankare, ƙamshin man zafi ke bugun hanci, domin tana ɗauke da methyl salicylate, ɗan'uwan asfirin, kuma sinadari ne mai bin iska. Na jiƙa garina cikin etanol, ruwan da ke tsotso sinadaran saiwa, awa 72, na tace, na ɗiga a farantin TLC, wanda ke rarrabe sinadarai ɗigo-ɗigo, kusa da tsantsar sinadarin don kwatance. Ƙarƙashin fitilar UV, wadda haskenta ke bayyana sinadari a farantin, ɗigon tsantsar ya fito sarai, nawa kuwa sai ka ƙura ido. Sau uku ina maimaitawa, ina zargin etanol ɗin. Sai da na sunsuna garin na ji ƙamshin ya yi rauni, jikina ya yi sanyi.

Na koma na faɗa wa Baba gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ƙara da cewa shi ba ya sayar wa mai juna biyu sanya, kuma kaɗan ake sha. Littattafanmu ma sun tabbatar tana da guba in ta yi yawa.

Sabuwar saiwar kwana goma ta yi bisa tabarma a zaure, ina juya ta safe da yamma. Da na busar da tataccen ruwan ma ban yarda ya ji wuta sosai ba. Wannan karon ɗigon ya zauna daidai da na tsantsar, har malamina ya kira sauran ɗalibai su gani.