Daga Hayyul Ashir zuwa Darrasa

Da na sauka Alƙahira domin karatu a Azhar, ban tsaya dogon tunani ba, na bi 'yan uwa zuwa Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr. Can 'yan Afirka da yawa suke zaune: 'yan Najeriya, 'yan Nijar, Somaliyawa, Sudanawa. Haya da sauƙi, da yamma kuma sai ka ji ana Hausa a bakin shago. Ga baƙon da bai san kowa ba, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanya. Kwalejinmu ta Usuluddin tana Darrasa, kusa da Masallacin Azhar. Kullum sai na yi sammako, in yi kokawar shiga ƙaramar bas, in zauna cikin cunkoson titin Salah Salim. Kafin in dawo gida na yi laushi, littafi ma ba ya buɗuwa. Darussan da malamai ke bayarwa a masallaci bayan la'asar, waɗanda su na zo nema, sai dai in ji labarinsu. Larabcin Misirawa kuwa bai zauna a bakina ba, don da wa zan yi shi?

Bayan shekara guda na koma Darrasa. Wannan karon ban yarda da bakin simsar, wato dillalin gida, shi kaɗai ba. Na je unguwar da dare na ga yadda take, na zauna da bawwab, mai gadin benen, na ce, "Ammu, ruwa yana hawa sama kuwa?" Ya girgiza kai, ya nuna mini wani ɗaki a hawa na biyu. Na buɗe famfo da hannuna, na duba tagogi saboda sanyin Janairu, wanda ke ratsa ƙashi. Na kuma dage a rubuta kuɗin haya da na ajiya a takarda, domin bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 haya ta yi ta tashi.

Ɗakin ƙarami ne, ga hayaniya. Amma da ƙafa nake zuwa karatu, in tsaya wajen mai ful, wato dafaffen wake, in karya. Ran Juma'a nakan koma Ashir in ci tuwo da 'yan uwa.