Ƙwaƙwalwar kwamfuta mai taga a Santa Kilara

Da sassafe na hau jirgin ƙasa na Caltrain daga San Faransisko, hazo ya lulluɓe gari. Kafin mu isa Santa Kilara rana ta buɗe tarwai. Tasi ta sauke ni a hedikwatar kamfanin Intel, inda gidan tarihinsu yake. Shiga kyauta ce.

Baƙi sun yi cincirindo wajen fararen rigunan da ma'aikata ke rufe jikinsu ruf da su. Ni kuwa wani ɗan abu ne da bai kai tsawon yatsa ba ya tsayar da ni: ƙwaƙwalwar EPROM, wato ma'adanar bayanan kwamfuta da ake iya gogewa a sake rubutawa, ƙafafunta jere a gefe biyu, da 'yar taga a bayanta. Na sunkuya har numfashina ya dusashe gilashin akwatin. Ta tagar ana hango ƙwayar silikon tana ƙyalli, da wayoyi siraran gaske kewaye da ita.

Dov Frohman ne ya ƙirƙiro ta a Intel a 1971, kuma samfurin 1702 bit 2,048 kacal yake ɗauka (bit shi ne ma'aunin bayanai mafi ƙanƙanta, 0 ko 1). Ana rubutu a cikinta ta hanyar cusa cajin lantarki a wasu ƙananan ɗakuna da ba su da mafita, shi ya sa ko an ɗauke wuta ba ta mantuwa. Hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, shi ne ke ba cajin ƙarfin tserewa, sai abin da aka rubuta ya goge. Gilashi na yau da kullum yana tare irin wannan haske, don haka aka yi tagar da ma'adinin kwaz. A injin gogewa, minti 15 zuwa 20 sun isa a share komai, babu zaɓen abin da za a bari. Hasken rana kai tsaye kan yi wannan aika-aika cikin kamar mako guda, doguwar fitilar ofis kuma cikin kusan shekara 3. Maganin da injiniyoyi suka samo har dariya ya ba ni: su manna 'yar takarda a kan tagar, su rubuta sunan manhajar da biro.

A jirgin komawa mun tsaya a Mountain View, garin da kamfanin kwamfuta na Cromemco ya zauna. Masu kamfanin sun ci moriyar wannan rauni na zubewar caji idan haske ya taɓa ƙwaƙwalwa. A 1975 sun cire murfin wata ƙwaƙwalwa ta daban, suka ɗora mata madubin kyamara. Duk inda haske ya fi yawa, caji ya fi saurin zubewa, sai ga hoto mai ɗigo 32 a tsaye, 32 a kwance. Cyclops suka raɗa wa wannan kyamara.