Likita Yana Gusau, Yarinya Tana Gabana

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Zamfara. Ba mu da likita, hanyar Gusau kuwa ba kullum take biyuwa ba saboda 'yan bindiga. In larura ta fi ƙarfina sai in kira likita a waya, in faɗa masa abin da na gani, ya faɗa mini abin yi. Aikin yakan yi nauyi ne ranar da aka kawo yaron da aka ci zarafinsa.

Ba a zuwa da sunan abin. Uwa za ta ce, "Malama, fitsari ke mata zafi," kanta a sunkuye. Ko a kawo yaro da shatin bulala, wani ya bushe wani ɗanye, a ce daga jaki ya faɗo.

Kafin in taɓa waya nakan rage mutane, domin wani lokaci wanda ya rako yarinyar shi ne mai aika-aikar. "Baba, ɗan ba mu wuri, dubawar mata ce." In rufe taga, kuma ba na buɗe sifika. Sannan in durƙusa daidai tsayinta: "'Yata, wani likita ne a Gusau, zan gaya masa ciwonki ya zaɓa mana magani. Kin yarda?" Shekarunta da nauyinta yake ji, ban da suna, ban da gidansu.

Maganar hoto ce na fi tsayawa a kai. An taɓa cewa in ɗauki wurin in tura ta WhatsApp, na ƙi, har gobe kuma ba zan yi ba. Wayata tana kwana shagon mai caji, 'ya'yana suna wasa da ita, wayar da aka tura wa ma ban san hannu nawa take bi ba. Al'aurar 'yar mutane in ta fita, wa zai dawo da ita? Jikin mutum nake zanawa a kati, in sa alama inda rauni yake, in auna shi, in rubuta kalarsa. Abin da ta faɗa da bakinta haka nake rubuta shi, ba gyara, ba na kuma sa mata magana a baki ko in sa ta maimaita wa likita. Sau ɗaya ya isa.

In fyaɗe ne, lokaci ba ya jira. Maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Wadda ta balaga, maganin hana ɗaukar ciki yana aiki zuwa kwana 5. Ba na jiran takardar 'yan sanda, tunda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa. Da aka katse sabis a jihar nan a watan Satumba na 2021, mun ga yadda rashin waya yake. Tun daga nan na sa likita ya karanto mini ma'aunin kowane magani bisa nauyin yaro, na rubuta a littafi.

Sai dangi su zo: a rufa asiri, mai unguwa zai sasanta. Tsoronsu gaskiya ne, yarinya aure za ta yi a garin nan. Amma rufe bakin gari daban, ɓoye mai laifi daban. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da komai, don haka ba na yi wa yarinya alkawarin ba wanda zai ji. Nakan ce mata, "Waɗanda za su kare ki kaɗai zan gaya wa," sannan in sanar da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Ba na sallama sai na san inda za ta kwana. In gida ɗaya suke da mutumin, sai mu nemi goggo ko kaka. Bibiya kuwa ba na yin ta a waya, domin yawanci wayar gida tana aljihun maigida. Rana nake sa wa uwar, ta zo da ita ranar awo, cikin sauran mata.