Gwajin da ke raba gardama kan shafen silikon

Takardar da ake ɓare sitika daga kanta, silikon aka shafa mata, wajen giram 1 a kowace murabba'in mita. Haɗin sananne ne: silikon mai rukunin binil, sinadarin ɗauri mai Si-H (silikon haɗe da haidirojin), filatinum da ke zaburar da su, sai mai jinkirtawa don kada haɗin ya daskare tun yana cikin baho. Shi ya sa duk wanda ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a nan, amsar da zai fara ji ita ce: ai duk gwanin sana'ar zai hango wannan.

Na shirya gwaje-gwajen kare irin wannan da'awar ƙirƙira a Amurka, inda sashe na 103 na dokar mallakar ƙirƙira ke hana ba da takarda kan abin da gwanin sana'a zai hango. Abin da muka nema shi ne rage filatinum zuwa ƙasa da kashi 50 cikin miliyan, tare da ɗaga adadin Si-H idan aka kwatanta da binil. Hukuncin kotu a shari'ar Aller na 1955 ya tare mana hanya, domin ya ce lalubo adadin da ya fi dacewa aikin yau da kullum ne. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar KSR na 2007 ya ƙara ƙunci, domin ya sauƙaƙa cewa gwani zai hango abu. Mafita ɗaya ta rage: mu nuna sakamakon da ba a zata ba.

Kuskurenmu na farko, mun gwada da kayan kasuwa, alhali da tsohuwar ƙirƙirar da ta fi kusa da tamu ake kwatantawa. Aka yi watsi da gwajin. Na biyu ya fi ciwo. Da'awar ta ɗauki faɗi, mu kuwa wuri guda muka auna a tsakiya. Dole aka matse ta zuwa iyakar abin da alƙaluma suka nuna.

Da muka sake, abu ɗaya kawai muke canzawa a kowane zagaye. Takarda ɗaya, gam ɗaya, zafin tanda ɗaya. Muka auna ƙarfin ɓarewa da tsarin FINAT (ƙungiyar masu sana'ar sitika), a hankali kan milimita 300 a minti, sannan da gudu, don sau da yawa sakamakon biyun ba ya tafiya tare. Muka auna silikon da bai ɗaure ba, muka kuma maimaita bayan an ajiye samfur a ɗumi, saboda ragowar Si-H kan kama gam na akirilik, ɓarewa ta yi tauri.

A kula da takardar gwajin ma. Ɗan sinadarin sulfa ko na amin (amine) a cikinta na kashe filatinum, abokin shari'a kuma zai ce takardar ce ta kawo bambancin.